Ɗan shagon kayan ibada da muke saye a Sakkwato, da abin da har yanzu babu a cikinsa

Duk Katolikan da ke zaune a Sakkwato ya san neman kayan ibada aiki ne. Ka shiga Babbar Kasuwa ka zaga tun hantsi har la'asar, za ka ga atamfa da takalman fata da albasa buhu-buhu, amma ba za ka ga rosari, wato carbinmu na addu'a, ko ɗaya a rataye ba. Ba laifin kowa ba ne, ɗan kasuwa abin da mutanen gari ke nema yake kawowa. A da sai dai ka ji wani zai tafi Kaduna ko Jos ka ba shi sautu. Shi ya sa ɗan shagon da wata dattijuwa ta buɗe kusa da cocinmu ya zama abin magana a tsakaninmu matan Zumunta, ƙungiyar matan coci, kuma da yake ana yawan tambayata ko kayanta na da kyau, na ga gara in rubuta abin da na gani kowa ya karanta. Ni tela ce, a Mabera nake zaune, asalina daga wajen Malumfashi, kuma da Hausa nake addu'a. Da wannan ma'aunin na auna shagon.

Shagon nata ne na kanta, coci ba ta da hannu a ciki. Ɗaki ɗaya ne mai rufin kwano, in mutum uku suka shiga sai na huɗu ya jira a bakin ƙofa. Kowa Mama yake ce mata. Ta daɗe a garin nan har bakinta ya koma na Sakkwatawa, kana leƙawa za ka ji ta ce, "Taho ciki, ɗiyata, mi kika biɗa?" Kowane littafi a cikin leda yake saboda ƙurar hunturu, kuma ba ta jin nauyin kwance maka ka duba ta sake ɗaurewa ko ba ka saya ba. Kyandir kuwa daga Maris zuwa Mayu ba ta jera shi a kanta. A wata tsohuwar randa take ajiye shi a ƙasa, domin zafin garin nan yana lanƙwasa shi tun ba a kunna ba. Wanda ya taɓa sayen kyandir don daren Ista ya iske shi ya tanƙware a jaka zai gane darajar wannan dabarar.

Abin da ya fi komai amfani a shagon, kuma ya fi komai arha, shi ne ɗan littafin kalandar karatu. Kuɗinsa bai kai na mudun shinkafa ba. Kowace rana layi ɗaya gare ta: karatu na farko, Zabura, Bishara, sunan waliyyin ranar, da launin rigar da Fada zai sa. Mutane da yawa suna zuwa Hadayar Mas, babbar sujadarmu ta coci, shekara da shekaru ba su san akwai tsari a bayan abin da ake karanta musu ba. Akwai shi, tun 1969, bayan babban taron bishop-bishop na Batikan na biyu da aka yi daga 1962 zuwa 1965. Karatun Lahadi shekara uku yake zagayawa: shekarar Matiyu, ta Markus, ta Luka, shi kuma Yahaya ana jin sa musamman a lokacin azuminmu na gabanin Ista da lokacin Istar kanta. Shekarar da lambarta ta rabu uku ba saura ta Luka ce, kamar 2025, ke nan 2026 ta Matiyu, 2027 ta Markus. Karatun ranakun mako shekara biyu yake zagayawa. Sabuwar shekarar ikkilisiya kuma ba a Janairu take kamawa ba, tana farawa ne Lahadi huɗu kafin Kirsimeti, ƙarshen Nuwamba ko farkon Disamba. Wanda ya jira Janairu kafin ya nemi kalanda ya rasa wata guda, kuma galibi zai iske ta ƙare.

Sunayen littattafan a cikin kalandar a taƙaice suke da Turanci, wanda bai saba ba sai ya rasa ina zai buɗe. A nan Mama ta yi abin da ya sa na ƙaunace ta. Ta sa an buga mata 'yar takarda mai sunayen duka da Hausa, Ishaya, Irmiya, Ayyukan Manzanni, Ibraniyawa, tana manna wa duk mai so a bayan bango, ba ta karɓar ko kwabo a kai. Aibin kalandar ɗaya ne, rubutun ƙanana ne ƙwarai. Surukata ko da tabarau ba ta iya gani, sai jikokinta sun karanta mata.

Ga yadda nake amfani da ita. Kiran sallar asuba na masallacin layinmu shi ke ta da ni, kuma ina gode wa Allah da ladanin nan, bai taɓa makara ba. Maƙwabtana na alwala, ni ina kunna fitila in buɗe Bisharar ranar. Ba na tsawaitawa. In karanta sau biyu a hankali, in ɗauki aya ɗaya in tafi da ita shago, ina taka keke tana yawo a raina. Karatu ba kalanda kamar ɗinki ne ba awo, hannu zai riƙa komawa inda ya saba. Mutum zai yi ta maimaita Zabura 23 da 91 don suna sanyaya zuciya, ya tsallake inda aka ce ka ƙaunaci maƙiyinka, ka yafe sau saba'in har bakwai. Kalanda ba ta tambayar ra'ayinka. Ran da kake fushi da wadda ta karɓi ɗinki ta ƙi biya, ran nan za ka iske labarin bawan da aka yafe wa bashi mai yawa ya fita ya shaƙe ɗan'uwansa a kan 'yan kuɗi kaɗan. Kuma akwai ƙarfin zuciya a sanin cewa abin da kake karantawa a ɗakinka a Mabera shi ne ake karantawa ran nan a Gusau da Legas da Roma.

Sai Littafi Mai Tsarki. Wata rana ina shagon wani saurayi ya shigo, da alama sabon ɗan bautar ƙasa ne, ya ɗauki na Hausa mai baƙin bango ya miƙa kuɗi. Mama ta tambaye shi cocin da yake zuwa, ya faɗa. Ta karɓe littafin daga hannunsa ta buɗe shafin farko inda aka jera sunaye, ta bi da yatsa har ƙasa. "Ɗana, wanga mai kyau na, amma ba shi da Tobit, ba shi da Sirak. In aka karanta su a coci ka dawo gida, ina za ka same su?" Ta sa hannu can ƙasan kanta ta zaro wani ta kwance ledar. Ya fi wancan tsada, kuma guda biyu kacal suka rage mata. Ta ce in kuɗinsa bai kai ba ya ba da abin da ke hannunsa ya cika daga baya. Da ta so, da ta sayar masa na farkon ya tafi, bai san komai ba.

Wannan magana ce da ya kamata kowane mai saye ya sani. Littafi Mai Tsarki na Katolika littattafai 73 ne, 46 a Tsohon Alkawari, 27 a Sabo. Wanda ya fi yawa a hannun mutane da Hausa, tun fassarar farko ta 1932, mai 66 ne, wanda 'yan'uwanmu na sauran ikkilisiyoyi ke amfani da shi. Bakwai ɗin da suka bambanta su ne Tobit, Judit, Makabi na ɗaya da na biyu, Hikima, Sirak da Baruk, da ƙarin wasu sassa a Esta da Daniyel. Kuma ba littattafan ajiya ba ne. A wajen ɗaurin aure ana karanta addu'ar Tobiya da Saratu a daren aurensu daga Tobit sura 8. A jana'iza ana karanta Hikima sura 3, inda aka ce rayukan masu adalci suna hannun Allah. Addu'ar da muke yi wa matattunmu a watan Nuwamba tana da tushe a Makabi na biyu sura 12. A idin Iyali Mai Tsarki, Lahadin da ke bin Kirsimeti, wanda babbar majami'armu ta Sakkwato ke ɗauke da sunansa, ana karanta Sirak sura 3 a kan girmama uba da uwa, har da haƙuri da tsoho in hankalinsa ya fara gushewa. Ni da nake jinyar suruka, wannan surar ta riƙe ni fiye da nasihar kowa.

Rosari iri-iri ne a wajenta, kuma a nan ido na yaudara. Masu ƙyalli na sarƙa su ne suka fi ɗaukar hankali, su ne kuma ba sa ƙarko. Gumi na cin ƙarfen, zoben ya buɗe, ka wayi gari ƙwayoyi sun watse a tabarma. Na zare mai ƙulli ko na katako da aka shiga da igiya mai kauri shi ne na aiki, ya sha wanki a aljihun yaro ya fito lafiya. Ka ƙirga kafin ka biya, ƙwaya 59 ce, goma-goma sau biyar da guda-guda a tsakani da 'yan biyar ɗin wajen gicciye. Mama tana da 'yar takardar asirai ashirin, wato al'amuran rayuwar Yesu da Maryamu da ake tunani a kansu in ana jan rosari, da ranakunsu, har da na haske da Fafaroma John Paul na biyu ya ƙara a 2002, waɗanda ake yi ran Alhamis. Wasu tsofaffin littattafan addu'a da ke hannun iyayenmu goma sha biyar kawai ke ciki, saboda haka takardar na da amfani.

Abu ɗaya da ba ta wasa da shi: ba ta sayar da abin da aka sa wa albarka. In ka saya sai ta ce ka kai wa Fada bayan Mas. Robar ruwa mai tsarki wofi take sayarwa, ruwan a coci ake ɗiba kyauta. Na ji wata ta tambaye ta lambar wuyan da ke hana mayu taɓa jariri, ta amsa mata da cewa ita ba ta sayar da laya, lambar tuni ce cewa yaron na Almasihu ne, mai tsaro kuwa Allah ne. A ƙasar da muka tashi muna ganin guru da kambu a jikin yara, wannan amsar ta fi wa'azi mai tsawo. Shi ya sa abin ya dame ni da na ga a kantarta wasu 'yan takardun addu'a masu alkawarin cewa in ka karanta sau kaza ka raba wa mutum kaza buƙatarka za ta biya, in ka ƙi kuma ka kuka da kanka. Wannan ba koyarwar ikkilisiya ba ce, tsoratarwa ce, kuma masu rauni take kamawa, mai ciwo da mai neman haihuwa. Na gaya mata. Ta ce cikin kaya ake haɗo mata su. Har yau suna nan, kuma ina fata ta kwashe su.

Yanzu ga inda zuciyata take. Bangon shagon cike yake da hotunan waliyyai, kuma ta yi zaɓe mai kyau, ba Turawa kaɗai ba ne. Akwai Bakita, akwai Tansi, akwai samarin Uganda, akwai Monika, akwai Martin na Fores da tsintsiyarsa a hannu. Amma labarinsu fa? Duk littattafan rayuwar waliyyai da ke shagon da Turanci suke. Da Hausa akwai littafin waƙoƙi, akwai katikisim, akwai na addu'o'in safe da yamma, shi ke nan. Sai tsohuwa ta sayi hoto ta rataye a ɗaki ba ta san wadda ke kallonta ba.

Ɗauki Josefin Bakita, wadda ofishin dayosis ɗinmu, wato yankin da ke ƙarƙashin bishop ɗinmu, ke ɗauke da sunanta. An haife ta a Darfur wajen 1869. Tana yarinya masu farautar bayi suka sace ta, aka yi ta sayar da ita daga hannu zuwa hannu. A wani gida aka tsaga mata jiki da aska fiye da wuri ɗari aka cusa gishiri. Wani jakadan Italiya ya saye ta a Khartum, ta bi shi ƙasarsu, a 1889 kotu ta ce 'ya ce ba baiwa ba, a 1890 aka yi mata baftisma, daga baya ta zama sista. Mafi yawan sauran rayuwarta a garin Skiyo na Italiya ta yi shi tana girki da tsaron ƙofa, ta rasu ran 8 ga Fabrairu 1947, aka ayyana ta waliyyiya a 2000. An san ta da cewa ta yafe wa waɗanda suka sace ta. Ka gaya mini, a yankin da ake kwashe mutane a hanyar Gusau da ƙauyukan gabashin Sakkwato ana neman kuɗin fansa, wane labari ne ya fi wannan kusa da mu? Akwai matan da suka dawo daga daji ba sa iya barci. Da akwai labarin nan da Hausa mai sauƙi, shafi goma ma, da na saya na raba.

Ko Monika, 'yar Tagaste a ƙasar da yanzu ake kira Aljeriya, mai miji mai zafin rai da ɗa mai kaifin ƙwaƙwalwa da ya bar hanya. Shekaru ta yi tana kuka tana addu'a, ta bi shi har Milan, ta ga an yi masa baftisma a Istar 387, ta rasu a shekarar. Ɗan shi ne Agustin, wanda ya zama bishop na Hippo. Idinta 27 ga Agusta, nasa washegari. Babu taron Zumuntar Mata da za a yi ba a sami uwar da ɗanta ya faɗa shaye-shaye ba. Na taɓa ba da labarin nan da baki a taronmu, wata ta riƙe hannuna bayan an tashi ta ce, "Yaya, ashe akwai wadda ta riga ni." Ta shekara tana ganin hoton a bango ba ta sani ba.

Shahidan Uganda 22 ne, mafi yawansu samari masu hidima a fadar sarki Mwanga. An ƙone Charles Lwanga da 'yan'uwansa a Namugongo ran 3 ga Yuni 1886, ƙaraminsu Kizito bai wuce shekara 14 ba. An ayyana su waliyyai a 1964, shekarar da Sakkwato ta zama cikakken dayosis, kuma shekarar da Fada Cyprian Tansi, ɗan Aguleri, ya rasu a Ingila. Shi Tansi a 1998 aka ayyana shi mai albarka, matakin da ke gab da na waliyyi, lokacin da Fafaroma ya zo Najeriya, idinsa 20 ga Janairu. Duk ran 3 ga Yuni in na ga jan launi a kalanda sai in tuna Michael Nnadi, ɗan dayosis ɗin nan mai shekara 18, da aka sace daga makarantar horar da firistoci kusa da Kaduna a Janairun 2020 aka kashe shi. Ikkilisiya ba ta ayyana shi komai ba tukuna, amma yaranmu sun san sunansa, kuma ya kamata su san cewa yana da magabata. Martin na Fores kuwa, baƙin mutum ɗan Lima da ya rayu daga 1579 zuwa 1639 yana aski da jinya da shara, ɗan ƙungiyar Dominik ne, ƙungiyar da firistocinta suka zo daga Amurka suka karɓi aikin Sakkwato a 1953. Hotonsa a bangon nan tarihinmu ne.

Ba Mama nake ɗora wa wannan ba, ba za ta sayar da abin da ba a kawo mata ba. Ta ce daga Onica da Kaduna kayanta ke zuwa, kuma masu kawowa sun fi sanin mai karanta Turanci. Amma masu addu'a da Hausa ba 'yan kaɗan ba ne, daga Zuru zuwa Malumfashi zuwa kudancin Kaduna. A 2023 an yanke Katsina daga dayosis ɗinmu aka naɗa mata Bishop Gerald Mamman Musa, Bahaushe. Muna da firistoci da malamai masu alƙalami. Ɗan littafi mai waliyyi ɗaya kowane mako, da manyan baƙaƙe, da ayar da ta dace da shi, bai fi ƙarfinmu ba.

Ta wajen farashi ba ta tsawwalawa in ka duba nisan da kayan ke yi, kuma ba a ciniki sosai, abin da ta faɗa kusan shi ne. Mutum-mutumin roba masu arha fentinsu na ɓarewa, hotunan da ke kusa da ƙofa rana ta cinye launinsu, ka ce ta ɗauko maka na ciki. Da rana tsaka shagon na da zafi ƙwarai, babu fanka. In ka iske ta da ƙarfe goma sha biyu za ka jira, domin tana ajiye komai ta yi addu'ar Mala'ikan Ubangiji, wanda ke ciki ya bi ta ko ya yi shiru, minti uku ne. Ranakun mako buɗewarta ba tabbas, takan tafi gaisuwar mara lafiya ko jana'iza ta rufe.

Lokacin da ya fi shi ne Lahadi bayan Mas na farko, ko Asabar da safe. Ka tafi da tsabar kuɗi, tura kuɗi ta waya yakan maƙale a wajen. Kalanda ka sa ta rubuta sunanka tun Oktoba. Littafi Mai Tsarki ka buɗe jerin sunaye ka nemi Tobit kafin ka biya. Kuma ka tambaye ta littafin waliyyai na Hausa ko da ka san babu, domin tana da wani tsohon littafin makaranta da take rubuta duk abin da aka nema ba a samu ba, shi take karanta wa masu kawo mata kaya in ta kira su.